Shashar Baffa Sale

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Baffa Sale a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan ya san kwamfutarsa. Kowace safiya zai yaye mayafin da ya lulluɓe shashar, wato fuskar kwamfutar, ya kunna, ya ce, "Asabe, kin tashi lafiya?" Hoton marigayiya matarsa ne ya cika fuskar, kuma ban da wannan ba shi da wani hotonta a duniya.

Ni 'yar ƙaninsa ce, na ɗan yi karatun kwamfuta, kuma na sha takaici. Injin zai iya nuna launi miliyoyi, amma Baffa ya daskarar da shi a launi ɗari biyu da hamsin da shida, faɗi ɗari takwas a ɗari shida. Haruffa manya-manya, fuskar Inna Asabe dabbare-dabbare kamar an yayyafa mata gero.

Kullum kwamfutar sai ta turo saƙo cewa katin hoton da ke cikinta zai iya fin haka. Sai Baffa ya gyara tabarau ya amsa mata da baki: "Mun gode, ba mu bukata."

Wani dillalin riɗi daga Fashaga ya kawo hoton kayansa a duba kafin a tura wa mai saye. Farin riɗi tas, amma a shashar Baffa ya fito da ɗigo-ɗigon kore.

Dillalin ya ce wa Baffa, "Ya zol, bawan Allah, ai wannan ya yi fumfuna!"

"Alhaji, buhunka yana ina?"

"Yana mota."

"To je ka duba buhun. Riɗi ake ci, ba shasha ba."

Ran nan Baffa ya fita shan jabana, wato gahawa, na lallaɓa na canza saitin. Ka san in an canza, shasha takan yi baƙi na ɗan lokaci kafin katin ya daidaita da sabon tsari. Daidai nan ya shigo. Kofin ya suɓuce masa.

"Hauwa, ina kika kai ta?"

Ban danna komai ba, tsarin ya koma na da da kansa, Inna ta dawo. Ya zauna gabanta yana kallonta har bayan la'asar. Ban sake taɓawa ba, kuma na daina yi masa dariya a kan wannan, ko da yake sauran tsiyar ban fasa ba. Shi ne fa mutumin da ke bugun ƙirji wai shi bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, hoto aikin marasa aiki ne.

Bayan rasuwarsa na kwafe hoton wuri uku, sannan na ɗaga saitin. Shashar ta yi baƙi, ta dawo. Ashe tob ɗin Inna, wato mayafin da ta yafa, shuɗi ne mai furanni. Ashe kuma hoton ya fi ƙaramin faɗin nan girma, gefensa duk a yanke yake. Ga Baffa nan tsaye a gefenta, saurayi, haƙora a waje, hannunsa a kafaɗarta.

Na yi dariya har na yi kuka. Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya sada ka da Asabenka, ka gan ta fes.