Murɗaɗɗen Zaren Gawayi a Bakura

Lokacin da nake koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Bakura, duk shekara akan tara makarantu a Talata Mafara, kowace ta baje abin da ɗalibanta suka ƙirƙira. Mu kullum sabulu muke kaiwa. A shekarata ta uku na ce wa shugaban makaranta na gaji da sabulu.

Akwai abin da na karanta tun ina jami'a wanda ya ƙi barin raina. Sinadarin da ke cikin gawayi, wanda ake kira kabon, masana kan sarrafa shi ya fito kamar zare, siriri ƙwarai har gashin kai ya zama gungume a gabansa. Wani kan fito a murɗe kamar sifirin ɗin cikin biro. In an ja shi ya miƙe, in an saki ya koma, ga shi lantarki na bi ta cikinsa. Shi nake so 'yan ajina su yi bayaninsa a Mafara.

Shugaban ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wannan karatun mutanen waje ne, yaranmu ba su kai nan ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wa ya gwada su ya ga ba su kai ba?"

Ko mota bai ba mu ba. Ƙanena ne ya ɗauke mu a motar da yake dakon albasa daga Bakolori, muka isa Mafara muna warin albasa.

Zaren kansa ba mu da shi, ba mu da kayan yin sa. Waya muka naɗe a jikin kara ta zama babban kwatancinsa, muka kuma goga bakin fensir, wanda shi ma kabon ne, a kan roba muka haɗa da batir da ƙaramin ƙwan fitila. In an ja robar, hasken ya dushe. Wata ɗalibata 'yar Maradun, mai ƙaramar murya, ita ta tsaya gaban alƙalai. Ta ce haka ake sa ran zaren zai yi aiki: a lika shi jikin bango ko gada, in wurin ya fara tsagewa lantarkin ya canza, a sani da wuri. Ta ƙara da cewa ana gwada shi a batira.

Ɗaya daga cikin alƙalan ya ce a nuna masa zaren. Ta ce ido ba ya ganinsa. Ya yi dariya, ya juyo gare ni ya ce na wahalar da yara a kan abin da babu.

Na ce, "Akwai shi, Malam. Madubin da zai nuna shi ne ba a saya muna ba."

Ba mu ci komai ba. Da muka koma, shugaban ya karɓe mabuɗin ɗakin gwaji ya ba wani malami. Na ji zafin abin, amma ban je ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Na mayar da darasin gwaji da nake yi ranar Alhamis gindin dogon yaro bayan ajujuwa. Ranar farko ɗalibai suka yi yawa har tabarmi suka kasa, wasu suka zauna a kan takalmansu.