Bokitin Ruwa a Gindin Eriya

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fidda kai ba, ina aikin gyaran rediyo a wata ƙungiyar rabon abinci. Muna da rediyo a Agiye, da Gazawa, da Gidan Rumji, kowace an haɗa ta da modam, ƴar na'urar da ke maida rubutu ƙara ta tura shi ta iska zuwa buro, wato babban ofishinmu, a Maradi. Sai jerin sunayen yaran da yunwa ta kama ya iso buro, sannan kamyo, babbar motar kaya, ya tashi da hatsi.

To, saƙon Gazawa ya daina isowa lafiya. Ko ya tsinke a tsakiya, ko ya zo haruffa a cakuɗe. Mako biyu babu kamyon da ya nufi can.

Mai riƙe da rediyon Gazawa wata Bafulatana ce, fari ya ƙarar da shanun gidansu, ɗan lakol ɗin da ta yi, wato karatun boko, ya sama mata aikin. Shef ɗinmu, shugaban buro, ya miƙo mini takardar korarta, ya ce in kai.

"Ba ta iya ba. Ka san abin da ta ce mini? Wai in ta yi alwala gindin eriya saƙo na wucewa!"

Ban ɓoye muku ba, har da ni a dariyar. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, ba na korar mutum ban auna layi ba."

"Aikenka na yi, ba shawara na nema ba."

Na sa takardar aljihu na hau moto, wato babur, na nufi Gazawa.

Na iske mata zazzaune ƙofar ɗakin rediyon da yara a goye. Na shiga ina ji da kaina, na auna batir, lafiya lau. Na bi waya, babu inda ta karye. Allurar ƙarfin sigina na tashi daidai, amma shuuu ɗin da ke layin ya danne komai. Na tura gajeren saƙon gwaji sau ashirin, uku suka isa. Na canza modam da wanda na zo da shi, duk ɗaya. Gumi ya jiƙe mini riga.

Bafulatanar tana tsaye tana kallona. Can ta ce, "Malam, ka gama naka? In yi nawa?"

Ta ɗauko bokitin ruwan da ta sha layi tun safe kafin ta samu a rijiya, ta juye shi kan ƙarfen da aka kafa a ƙasa gindin eriya. Na sake turawa sau ashirin. Goma sha tara suka wuce.

Kunya ta rufe ni. Ƙarfen nan shi ke haɗa rediyo da ƙasa, kuma sai da danshi yake aiki. Fari ya busar da ƙasar ƙayau. Abin da aka koya mana tun shekarar farko a makarantar koyon aiki, ita ce ta gano shi da butarta.

Muka haƙa rami mai zurfi, muka zuba gawayi da gishiri don su riƙe danshi, muka kafa dogon ƙarfe. Kafin la'asar jerin sunaye ya isa Maradi cikakke.

Washegari na ajiye wa shef takardarsa a kan tebur, da sakamakon gwajin a samanta. Ya ce na raina shi. Na ce, "In kora ce, a fara da ni, don ni ya kamata in gano tuntuni." Bai kore ta ba. Ni kuwa aka cilla ni Gidan Rumji, shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Kamyo dai ya isa Gazawa ranar Laraba.

Har yau in aka ce mini laifin wane ne, sai na auna da hannuna. Kuma da za a sake miƙo mini takardar nan, aljihuna za ta sake kwana.