Muryar Matata a Wayar da Ɓarawo Ya Shiga

Ban yi boko ba. Waya a wurina ta magana ce kawai. Na riƙe tawa ne saboda saƙonnin murya na matata, wadda ta rasu bayan doguwar jinya. Ba wasu dogayen maganganu ba ne. "Ka taho da kanwa." "Jar saniyar nan ta ƙi cin dusa." Su nake saurara in na fita kiwo a dajin Zandam.

Duk sanda wayar ta fito da rubutu tana neman a danna wani abu, sai in kawar. Abin da ban sani ba, ba na taɓawa. Ashe sabuntawa take nema, ni kuwa ina hana ta.

Wata damina aka turo wani shafi a zauren manoma na waya, wai na rabon taki. Hoton buhu kam na gane shi, sai na buɗe. Ba a jima ba wayar ta fara zafi a aljihu, tana tura wa mutane shafin nan da sunana.

Na yi mata abin da nake yi wa dabba mai ciwo: na ware ta. Na kashe, na naɗe a tsumma, na hana a jona ta kusa da na mutane a shagon caji. Ran kasuwa na hau mota zuwa Birnin Kudu wurin mai gyaran waya.

Mai gyaran ya kwance tsumman yana dariya.

"Malam, gawa ka kawo min?"

"Da sauran ranta."

Ya duba. Ya ce manhajar da ke buɗe shafuka ta tsufa, akwai ɓaraka a jikinta. Buɗe shafin kaɗai ya isa wani daga nesa ya riƙa juya wayar kamar tana hannunsa.

"Sai an wanke ta tas," in ji shi.

"Har da muryoyin?"

"Na wa?"

Na faɗa masa. Ya daina dariya. Ya ce wa masu jira su dawo bayan la'asar. Ya zare layin, ya kwashe muryoyin ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon memori, ya sa a wata waya, ya miƙo min.

"Ji da kunnenka tukuna."

Ya juya baya yana ta taɓe-taɓen wata caja da ba abin da ya same ta. Na kara a kunne. Sai ga muryar matata tana cewa hadari ya haɗo, in koro shanun gida.

Na ce, "Wanke ta. Allah Ya jiƙan mahaifanka."