Hanna Ya Zo

Sunansa na yanka Jibo, amma a Tudun Wada ta Gusau kowa Dogo mai gadi yake ce masa. A wata ruga kusa da Bungudu aka haife shi, kuma da ba don farin 1973 ba da can zai tsufa. Fari ya kashe musu shanu, ragowar guda uku ya ba wani abokinsa ya kai su kudu kiwo, daga ranar bai sake ganin abokin ba balle shanun. Tun daga nan Dogo ya daina yarda da mutane. Ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya tsaya yana lissafin abin da ake nema a wurinsa. Da ya samu gadin rana a wani sito na auduga, sai aikin ya dace da halinsa.

Matarsa Uwani 'yar Tsafe ce, mai son mutane, amma ya kafa mata doka: ba shiga maƙwabta, ba tara mata a gida. Ɗiyarsu guda, Wasila. Da yake ta fari ce, Dogo ba ya ɗaukarta, ba ya zama sauraron gwarancinta, saboda kunya.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, Wasila na da shekara biyu da rabi, ya dawo yana wanke ƙafa, sai ta tako ta tsaya gabansa ta ce, "Baba, Hanna ya zo. Ya shiga ɗaki."

Butar ta tsaya a hannunsa. Hanna? Gida na uku daga nasu akwai Yohanna, ma'aikacin jirgin ƙasa, mai keke da fara'a. Dogo ya tuna ko shekaranjiya mutumin ya tsayar da shi yana tambayar, "Ya iyali?" Mi ya haɗa shi da iyalinsa?

Bai ce wa Uwani komai ba. Kwana huɗu yana duba ƙasar zaure ko zai ga sawun taya. Ya lura ta share tsakar gida sau biyu a yini, ya ce a ransa ɓatar da sawu take yi. Ya ga wani zare ja a gefen tabarma, ya ɗauke ya sa a aljihu. Ranar Litinin ya roƙi abokin aikinsa ya tsaya masa, ya dawo da hantsi ya laɓe bayan dangar maƙwabta.

Can sai ga wata mace da kwando ta yi sallama ta shige. Dogo ya bi bayanta. Ya tarar da ita zaune da Uwani a ɗaki, zare ja da allurai a tsakaninsu, ana koyon saƙar hular yara. Wasila ta nuna ta da yatsa tana tsalle: "Hanna ya zo!"

Hannatu ce, ƙanwar Yohanna.

Bayan baƙuwar ta tafi, Uwani ta dube shi. "Malam, mi ya dawo da kai yanzu?"

Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗi gaskiya. "Yarinya cewa ta yi *ya* zo. Ba ta ce *ta* zo ba."

Uwani ta juya wajen Wasila. Sannan ta kira, "Ke, zo nan. Wa ya dama fura yau?"

"Inna ya dama."

"Akuya fa, ina take?"

"Ya tafi."

"Ka ji," in ji Uwani. "Kowa namiji ne a bakinta. Da kana zama ka saurare ta da ka sani. Na ɓoye maka saƙa, wannan laifina ne. Amma abin da ka zarge ni da shi, Allah ya gani."

Washegari ta goya ɗiyarta ta hau mota zuwa Tsafe.

Ko a nan zuciyar Dogo ba ta kwanta ba. Ya ce wa kansa wataƙila koya wa yarinyar aka yi. Da ya je biko bayan mako uku, kafin ya gaida surukai sai da ya ja Wasila gefe, ya nuna mata kaza, ya nuna mata wata tsohuwa mai tallar daddawa, yana tambaya tana amsawa. Kaza ya gudu. Tsohuwa ya zauna. Sai a lokacin ya shiga ya durƙusa ya ba da haƙuri.

Uwani ta dawo bisa sharaɗin za ta ci gaba da saƙa, kuma baƙi mata za su shiga gidanta. Ya amince, ko da yake ya ɗauki wata guda yana tambayar sunan kowace da unguwarsu. Da Wasila ta kai wajen shekara uku, bakinta ya gyaru da kansa, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Dogo ya ci gaba da gadi har aka rufe siton, sannan ya koma sayar da hulunan da Uwani ke saƙawa a bakin kasuwa, inda ya yi suna wajen hana masu saye taɓa kaya kafin su faɗi wadda suke so.