Aljanin da Autarmu ta rubuta

Yau bakina har kunne, amma kada ku ga ina dariya ku ce na huce. Ban huce ba wallahi. Bari ku ji labarin Autarmu.

Ni ce babba a ɗakinmu, ita ce ta ƙarshe. Ni da ƙyar na gama firamare aka haɗa ni da keken ɗinki. Ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya ko takardar sabulu ta tsinta sai ta karanta. Da ta girma ta samu aiki a shagon buga takardu, layi ɗaya da shagona. Aka aurar da ita ga wani mai walda, mutum mai fara'a a waje, in ya gaishe ka har ƙasa yake kaiwa. Shi ke kawo ta aiki a babur, shi ke zuwa ɗaukarta.

In babu kwastoma sai ka ga ta duƙufa kan waya. Ashe labari take rubuta wa mata a wani guruf, na manya zalla. Labarin wani aljani ne da ya mallaki wata mata, sai abin da ya ce: tashi, durƙusa, kwance gashinki, zo nan. Akwai wuraren da ni da na haifa na yaye sai da na toshe kunne.

Ranar da ta fara karanta min, ina ɗinki, na ce, "Ke Auta, a gidan uban wa kika koyo wannan rashin kunyar?"

Ta ce, "Yaya, taka kekenki kawai ki saurara."

Ta ci gaba. Wai aljanin ba ya kiran sunan matar, yatsa yake ƙyasta mata. In yana cin abinci tana tsaye har ya wanke hannu. Yana da tabon ƙuna a wuyan hannu. In zai fita ya zura sakata ta waje, ƙofar kuma ba ta da mariƙi ta ciki.

Na ɗage ƙafa daga keke. Na tuna wata ranar hutu da na je gidanta, ta leƙo ta taga ta ce min ƙofar ce ta cije, in dawo wani lokaci. Ni kuma sakarya ko ƙofar ban duba ba, na juya na tafi.

Na ce, "Auta, wannan aljanin yana walda?"

Sai kawai ta nuna min abin da matan guruf ke cewa, ta karanta min. Wata ta ce wayyo ina ma ita ce. Wata ta ce namiji kenan, a turo mata lambarsa. Na ji kamar in shiga wayar in shaƙe su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskurenta ɗaya, ba ta canza tabon nan ba. Matar abokin aikin mai walda tana cikin guruf ɗin, ta gane, ta gaya wa mijinta, magana ta isa. Mai walda ya ƙwace wayar ya kai wa Baffa, ƙanen marigayi babanmu.

Aka tara mu a falon Baffa. Ya sa tabarau yana karantawa yana salati. Inna, mahaifiyarmu, tana kuka tana cewa an kunyata ta a duniya. Baffa ya yanke hukunci: Auta ta durƙusa ta ba mijinta haƙuri, ta bar aiki, waya ta zauna hannun mijin, ta koma ɗakinta yau ɗin nan.

Nan kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Baffa, wurin shimfiɗa kun karanta kun yi salati. Wurin ƙofa fa? Ko tabaran bai kai nan ba?"

Mai walda ya ce, "Yaya, ai labari ne, ƙarya ce ta shirya."

Na ce, "Kada ka ƙara ce min Yaya. In ƙarya ce, ya aka yi ka gane kanka?"

Baffa ya daka min tsawa, ya ce da kansa zai mayar da ita. Na ce nima ƙafata ƙafarsu.

Muka isa rana tsaka. Ɗaki ɗaya ne, taga da ƙarafa a gicciye, ƙofar ƙarfe mai nauyi. Baffa ya shiga gaba yana cewa Auta ta biyo shi. Ban san lokacin da na riƙe ta da hannu ɗaya ba, na ja ƙofar da ɗayan, na zura sakata.

"Ke! Wane iskanci ne wannan? Buɗe!"

Na ce, "Baffa, buɗe ta ciki mana."

Muna jin tafinsa yana shafa ƙarfe, sama da ƙasa, yana neman abin kamawa. Babu. Ya buga, ya ƙara bugawa. Mai walda ya yo kaina, na ce ya taɓa ni in tara masa unguwa. Maƙwabta har sun fara leƙowa. Can bugun ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Auta ce ta ture hannuna ta zare sakatar, tana hawaye, wai akwai zafi a ciki, Baffa ba zai jure ba.

Ya fito ya jiƙe sharkaf. Ya daɗe yana kallon bayan ƙofar nan, sumul kamar faranti. Ya ce wa mai walda, "Wa ya ƙera ta?"

"Ni ne, Baffa. Saboda ɓarayi."

"Ɓarawon a ciki yake kwana?"

Baffa ya miƙa hannu, mutumin ya sa masa wayar. Ya ba Auta ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Kwaso kayanki. Wannan ƙazantar da kike rubutawa kuma, da sauran magana." Sannan ya nuna ni da yatsa: "Ke kuma fitsararriya, kada in ƙara ganin ƙafarki a gidana."

Na ce to, Baffa. Na ɗora akwatinta a ka, har da rangaji nake a titi.

Yanzu tana wurina, da ƙafarta take zuwa aiki. Jiya Inna ta aiko wai yaushe za a yi sulhu, mutane na magana. Na ce a gaya mata ɗakin yana nan babu kowa, duk mai son sulhu ya je ya wuni a ciki tukuna.