Katunan da Ke Saman Durowa

Na daɗe ina so in rubuta wannan ina fasawa. Karatuna a firamare ya tsaya, a nan kuwa duk wanda ka taɓa sai ka ji dakta ne, ko saura kaɗan ya zama. Na ji tsoron a ce matar wane ta rasa abin damuwa sai tawada. Amma lokaci ya matso, gara a yi dariyar.

Maigida na biyo zuwa Kuala Lumpur, ya zo karatun digiri na uku. A Sri Petaling muke, can saman wani dogon bene. Ya fita da safe sai magariba. Zaman shiru ya sa na koyi yin kati da hannu: in yanka kwali, in danna hatimin fulawa a tawada, in buga. A kwali mara sheƙi kafin in wanke hannu ya bushe.

Akwai maƙwabciyata, Bazazzagiya, mijinta shi ma ɗalibi ne. Ta girme ni, Anti nake ce mata. Da ta haihu ta ce in yi mata katunan godiya da za a saka a jakunkunan rabo ranar suna. Na so in fitar da ita kunya. Na shiga jirgin ƙasa zuwa titin da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman, a wani lungu bayan masu yadi na samu kwali mai sheƙi kamar farantin tangaran, da tawada ruwan zinare, da hatimi mai Bismillah da rubutun Larabci. Na nuna wa mai shagon kwalin, na nuna tawadar. Ya ce, "Boleh, boleh," wato zai yi. Daga baya na gane duk abin da ka nuna masa haka yake cewa.

Na yi alwala na zauna na buga su duka. Sun yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na jera su a kan tebur da kujeru, muka ci abinci a tsaye.

Washegari na taɓa gefen ɗaya da ɗan yatsa. Da na ɗago, sai ga sunan Allah a yatsana, a juye, yana ƙyalli.

Na tsaya a tsakiyar falo da yatsa a sama. In wanke a famfo, ruwan ina zai bi? Bututun gidan nan duk wuri ɗaya suke haɗuwa, na kicin da na bayi. Na ɗauko kofi na wanke a ciki, na tsaya ina kallon ruwan. A haka maigida ya fito.

"Uwargida, me kike shirin yi da kofin nan?"

"Malam, a gida ai in an wanke allo shanyewa ake."

"Wancan gawayi ne da ƙaro. Wannan in kika sha, asibiti za mu, kuma ban san yadda zan yi wa likita bayani ba."

Na juye a tukunyar shukar da ke baranda. Shukar tana nan da ranta.

Maigida ya duba katin ya ce fuskar kwalin kamar leda take, tawadar ba ta da ƙofar shiga, ga iskar garin nan jiƙe take, wanki ma sai ya kwana yana tunani. Na ce to me za a yi? Ya ce shi ƙasar noma yake karanta.

Na kunna musu fanka har na yi mura. Na shanya su a baranda, da la'asar ruwa ya kece kamar kullum, na kwaso su ina salati. Na hura wa ɗaya abin busar da gashi, kwalin ya lanƙwashe, tawadar tana nan ɗanya. Na tuna malaman zaure suna barbaɗa rairayi a kan rubutu, ni kuma hodar jarirai gare ni, na barbaɗa. Ta kama, ta zama kamar kunu. Dutsen guga na jona shi ya yi zafi, na tsaya a kansa, na kasa ɗora wuta a kan Bismillah, na cire.

Ana gobe suna na je na gaya wa mai jego.

"Ke dai ƙanwata da waswasi kike," in ji ta. "Kawo su haka mana. Wa zai tsaya shafa kati?"

"Anti, shinkafa za a ci da hannu. Yara za su ɗauka. Wani zai shiga bayi da shi a yatsa. Jakar kuma in an cinye cincin ina za ta?"

"Shara."

"To kin gani."

Ta gyara wa jaririyar kwanciya ta ce, "Wato na ba ki aiki, kin dawo min da fatawa."

Na yi mata wasu a kwali mara sheƙi, da fulawa kaɗai. Ranar suna matan suka yi ta ce min Malama, wata ta miƙo min cokali ta ce in duba ko ya halatta. Na duba. A wanke yake.

Masu sheƙin kuwa na jera su a saman durowa, wurin da ya fi ko'ina tsayi a gidan, kowanne shi kaɗai, don in aka haɗa biyu mannewa suke. Na fara cewa ai mutanen bene na sama a kansu suke takawa, maigida ya ce, "Don Allah kada ki fara."

A Kano da tuni an gama. A ƙona a tsakar gida, a binne tokar a gindin bango. Nan man gyaɗa in ya yi hayaƙi sai wata na'ura a silin ta kama ihu, maigadi ya hawo. Ƙasan benen duk siminti ne. Akwai ɗan fili mai ciyawa, na sauka da cokali zan haƙa, na tarar nan ne masu karnuka suke kawo su da yamma. Na hau da cokalina.

Wata ta ce in gwada wani masallaci a Kampung Baru. Na ɗauki kati ɗaya a cikin robar abinci na tafi. Na samu wani dattijo yana naɗe darduma. Ba ya jin Hausa, Malay ɗina kuma na cefane ne. Na buɗe robar, kafin in yi magana ya yi murmushi ya shafa rubutun da babban yatsa, alamar ya yi kyau. Ya ɗago ya kalli yatsan. Ya kalle ni. Sai ya juya ya nufi ciki da yatsa a sama, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Na jira bai dawo ba. Na rufe robata na taho, na ƙara wa bawan Allah aiki.

Jaririyar yanzu tana rarrafe. Jiya na hau kujera na taɓa ɗaya da tsinken sakace, ya fito da zinare a baki. Tsinken ma na ajiye shi a can.

Maigida ya kusa ƙare karatunsa, za mu miƙa makulli mu koma. In na bar su, masu share gidan buhu ɗaya za su yi musu da tsofaffin takalma. In na tara su a akwati, za su manne da juna, akwatin kuma na ga yadda ake jifa da shi a filin jirgi, wani ma ya zauna a kai.

Na ji an ce akwai wani gari kamar hoda da masu wannan sana'a suke barbaɗawa a kan tawada tun tana ɗanya, a hura masa zafi, ya narke ya daskare a kanta. Ban san sunansa ba, ban san shagon da ake samu ba, ban kuma sani ba ko yana kama tawadar da ta daɗe haka. Wanda ya sani, ko ya san inda ake karɓar takardu masu sunan Allah a garin nan a yi musu yadda ya dace, don girman Allah ya gaya wa kowace Bahaushiya a Sri Petaling, saƙon zai iso ni kafin mai faɗar ya sauka daga jirgin ƙasa. In da hali a rubuto min sunan garin barbaɗawar da manyan baƙaƙe, yadda zan nuna wa mai shago ba sai na faɗa ba.