Ranar da Selina ta shiga aji ɗaya

A rajistar firamaren cocin Katolika ta Bolari, shafin Janairun 1963, suna na talatin da ɗaya shi ne Selina Noah. A gurbin shekaru, hannun hedimasta ya rubuta shida bisa sabo, sannan ya soke ya sa talatin da biyu.

Selina mutuniyar Kaltungo ce, tana tuyar ƙosai a bakin tasha, kuma ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. Mijinta Noah yana cikin masu shimfiɗa layin dogo zuwa Maiduguri, duk wata yakan aiko wasiƙa. Ita ba ta iya karatu ba, sai ta kai wa Katikis Bawa in an tashi daga coci. Shi kuwa Bawa kunnensa ya yi nauyi, bai san yana ɗaga murya ba, ga Noah da zaƙin baki a takarda. Ranar da aka ji “Zumata, jiya na yi mafarkin wuyanki,” Ugoma mai sayar da atamfa sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Sati uku duk Bolari ana kiran Selina Zuma. Nan ta rantse ba mai sake karanta mata wasiƙa.

A zamanin babu takardar haihuwa. In za a ɗauki yaro a makaranta, zai ɗora hannun dama ta saman kai ya kamo kunnen hagu. In ya kai a rubuta shi, in bai kai ba sai baɗi.

Ranar ɗaukar yara, Malam Titus hedimasta ya kafa tebur a gindin dogonyaro. Yana ɗaga kai sai ga Selina cikin layi, ta sha ɗaurin kallabin Lahadi mai hawa uku, ga ’yarta Edna a goye.

“Maman Edna, wannan ai ko yaye ba a yi mata ba.”

“Ba ita ba ce, Malam. Ni na kawo kaina.”

“Haba! Makarantar yara ce fa.”

“Karanta mini dokar in ji.”

Titus ya buɗe takardar da Fada, limamin cocin, ya sa wa hannu. “Duk wanda hannunsa ya kai kunnensa.”

“An ce ban da masu goyo?”

Ya duba gaba, ya duba baya, har ya ɗaga takardar a rana. Ba a ce ba.

“To, bismilla,” in ji shi.

Selina ta miƙa hannu ta saman kai. Kallabin ya tokare. Ta yi ɗage, ta karkace, ta cije leɓe, yatsunta na lilo a sama, saura kamar yatsa biyu. Iyaye suka fashe da dariya, Edna ta tsala kuka.

“Sai baɗi, Mama, in kin ƙara girma,” in ji Titus, yana share hawaye.

Matar aure ce, ba ta taɓa tsayawa cikin jama’a ba kallabi ba. Ta dubi Ugoma da ke tsaye cikin iyayen.

“Ke, ’yar’uwa, kin gama dariyar? Zo ki cire.”

Ugoma ta warware shi, yadi biyu cur, ta riƙe kamar tuta. Selina ta cafke kunnen hagu, ta ja shi, ta juya gabas da yamma kowa ya shaida. Mata suka rangaɗa guɗa. Fada ya leƙo ta taga ya tambaya ko auren wa ake yi.

Bencin aji ɗaya bai ɗauke ta ba, don haka kullum takan zo da kujerarta a ka, ta zauna can baya. Ƙosai ya koma na yamma. A shekarar farko sau biyu kacal ta yi fashi, duka saboda zazzaɓin Edna. Wasiƙu goma sha huɗu suka taru a cikin kwalla ba a buɗe ba.

A watan Maris na 1964 ta kulle ƙofa ta buɗe ta farko. Kwana huɗu ta yi kafin ta kai ƙarshenta. Ugoma ta tare ta a bakin tasha.

“To, ɗaliba, me maigidan ya ce?”

Selina ta juya ƙosai, tana murmushi har kunne.

“Ya ce a gaishe ki.”